Abin da Almakashi Ya Rage

Gwangwanin na ƙarƙashin gadon Kaka Nomau,
bayan matacciyar fitila da rasiɗan haraji.
Ina buɗewa tsami ya mare ni,
kamar kunun da aka manta kwana uku a rufe.

Shi ne mai juya majigi a Ƙaura Namoda
tun hoto bai koyi magana ba.
A ɗaura farin ƙyalle a bangon tasha,
inji na tari, ƙwari na iyo cikin haske,
shi ko ya ara wa bebaye bakinsa:
"Kai mai rawani, tafasa ruwan kafin ka sha!"
Fili ya ɗauka.

Amma kafin kallo akwai ofis.
Mai jan fensir ya nuna: nan, da nan, da nan.
Kaka ya sa almakashi.
Bai dai zubar ba.

Na ɗaga guntu ɗaya saitin taga.
Bai fi taƙi biyu ba:
iska ta fizge hular Joji a kasuwar auduga,
yana bin ta a duƙe,
wata mata da kwando a ka
ta wage baki, har wushiryarta a waje.
Shekara saba'in tana wannan dariya
cikin duhu, a nannaɗe.

Luba, ƙanwata da yaƙi ya koro daga karatu a Yukren,
ta ce can ma ta ga masu irin ciwonmu,
masu bin sawun abin da hukuma ta datse tun kakanni,
suna share shi hoto bayan hoto,
gini na girgiza, su suna faɗa da ƙura.

Mun shimfiɗa zane, mun samo auduga.
Wasu sun narke, sun manne kamar alewa a aljihu.
Wani mutum, tsatsa ta cinye masa fuska,
kafaɗunsa kawai suka iso.
Da waya muka ɗauke sauran, ɗaya-ɗaya, har la'asar.

Da dare muka haska bangon zaure.
Kaka, da shanyewar jiki ta ƙwace wa harshe tun bara,
aka jingina shi da filo.
Daƙiƙa huɗu ne duka.
Hula ta tashi. Matar ta dara.

Leɓensa ya motsa, ba sauti.
Ya ɗaga hannun da ke da rai,
ya ware yatsu biyu kamar almakashi,
ya bar su a buɗe.

Luba ta ce, "A maimaita?"