Kilo Ashirin da Uku

Mun aro sikelin mahaucin Ƙofar Guga,
muka rataye akwatina a reshen dalbejiya.
Allura ta zarce inda aka ce ta tsaya.
Rumasa'u ta durƙusa, murya ƙasa ƙasa,
ta ce, "Inna, sai an rage."

Wata huɗu ke nan da kawo ta gidan nan.
Ban san da wane gefe take kwanciya ba.
Abin da na sani, kununta ya cika tsami,
gaisuwarta kuma a bakin ƙofa take tsayawa
tare da takalmanta.

Ga shi ita za ta ja ni har Alkahira,
inda aka ce akwai mai yaye yanar ido
kamar yadda ake yaye ta koko da bakin ludayi.
Ɗan farina ya nemi hutu, ofis ya hana.
Ni ba na kama sunansa, ita ma ba ta kamawa,
in zancensa ya taso a sararin sama
sai mu ce "shi", kowa ta gane.

Na fid da daddawa. Na mai da rabi.
Na ɗaga ƙullin kuka, ta ce can ma suna miya.
Na ce, miyar wa?
Ta toshe baki da gefen mayafi,
amma kafaɗunta suka tona mata asiri,
na ji rawarsu a jikin tabarma.

Ranar fasfo, yaron ya ce in buɗe ido sosai.
Na ce, ɗan nan, da yana buɗuwa
me zai kai ni Masar?
Na'ura kuma ta ƙi shaida yatsana,
shekara arba'in na muciya da igiyar guga
sun cinye zanen da Allah ya yi.
Sai ta kama shi, ta hura masa iska,
ta murza a tafinta har ya yi ɗumi.
Ya kama.
Ba mu yi magana ba har Keke ya sauke mu.

Da dare ina jin ta ta bayan bango,
tana tono Larabcin Islamiyya:
nawa ne, ina bayi, a hankali, uwata ce.
Wannan na ƙarshen ta maimaita sau uku,
kamar mai gwada sabon takalmi.

Jiya ta kawo ruwan alwala ta ƙi tashi.
Can ta ce, "Inna, wai kunne yana toshewa?"
Ashe iyakarta Funtuwa.
Ni kuwa na taɓa hawa, shekarar da muka sauke farali
da Malam, Allah ya kai haske kabarinsa.
Na ce, ki tauna dabino, ki haɗiyi yawu,
in ya girgiza ki riƙe ni,
ba faɗuwa zai yi ba, gargada ce irin ta hanyar Batsari.

Ɗaki ɗaya aka kama mana.
Za ta ga kaina babu kallabi,
ta ga inda haƙora suka yi ƙaura,
ta ji sunayen da nake kira cikin barci.
Wannan kayan ban san sikelin da zai auna shi ba.

Yau da hantsi muka sake ratayawa.
Ashirin da uku cif, in ji ta.
Na lalubi kusurwar da na cusa daddawa, babu.
Ban tanka ba.
Da ta gifta da tata jakar
hancina ya ba ni labari.

Jibi bayan asuba motar Kano za ta tsaya a ƙofar gida.
Na bar wa Lantana kaji da makullin rumbu,
na yafe bashin Tabawa, ko da dai ba ta roƙa ba.

Ranar da aka kawo ta, mata sun ce tana da wushirya,
ni dai inuwa na gani cikin lulluɓi.
In likita ya kwance ƙyallen,
kafin kogin da ake ba da labari, kafin dogayen benaye,
fuskar da za ta fara shigo mini
ita ce wadda wata huɗu nake ci daga hannunta.
Zan ce ta yi dariya,
in duba ko mata sun faɗi gaskiya.