Wataƙila

A matakala ta bakwai ta cocin unguwarmu, nan Oaxaca,
zuciyar Anacleto ta yi tuntuɓe.
Shekara arba'in yana jan bas a kan duwatsu
bai taɓa sakin sitiyari ba,
ran nan ya saki hannuna,
ya zube kamar buhun wake.

Kwana tara a asibiti.
Ran sallama likita Xóchitl ta zaro takarda
ta shiga yi masa ƙwace:
gishiri, ta karɓe. Kitse, ta karɓe.
Taba, da ɗan kofin daren Asabar.
Yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare,
sai da ta dire ya ɗaga yatsa:
"Cakulan fa?"

Ta cire tabarau, ta goge da bakin riga.
"Masu bincike sun ce wataƙila.
Baƙin nan mai ɗaci, wanda sukari bai cinye ba,
wataƙila yana sassauta jijiya, jini ya wuce ba gardama.
Amma ba magani ba ne, kada ka bar ƙwayoyinka.
Kamar kan babban yatsa, sau ɗaya a yini."

Wataƙila!
Ya riƙo kalmar har gida
kamar ɗan tsako a tafin hannu.

Ni ce mai niƙa.
Na gasa 'ya'yan koko a kasko har suka fara tsalle,
na ɓare, yatsuna suka yi baƙi,
na durƙusa gaban dutsen niƙan kakata,
garwashi a ƙarƙashinsa,
ina turawa, ina jawowa,
har garin ya yi gumi, ya kwanta, ya yi sheƙi.
Kirfa kaɗan. Sukari, abin da yatsa biyu suka ɗauko,
sauran na rufe a gwangwani, na ba shi haƙuri.

Ranar farko ya yamutsa fuska:
"Eufrosina, wannan ai hukunci ne."
Ranar goma ya daina tauna.
Ya ɗora a harshe, ya lumshe ido,
ya ce a bayan ɗacin akwai wata ƙofa,
in ka yi haƙuri ta buɗe:
ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari,
ɗan hayaƙi, da ɓawon lemo can nesa.

Kullum in rana ta faɗa bayan dutse
sai ya karya rabonsa biyu, ƙas,
ya miƙo mini guda.
Na ce naka ne, likita ta auna.
Ya ce abin da mutum ya ci shi kaɗai
a ciki yake tsayawa, ba ya kai wa zuciya.

Wata huɗu kafin in lura
ba daidai yake karyawa ba.
Babban ne nawa, kullum.
Na tsare shi. Ya sosa ƙeya.
Ashe ran da aka ɗaura mini awo a damtse
a bakin gadonsa, ina zaton barci yake,
kunnensa biyu:
jinina ya fi nasa hawa.

Ban sani ba ko koko na gyara jijiya,
likita ma ba ta rantse ba.
Muna haɗiye ƙwayoyinmu,
muna zaga dandali da sassafe,
shi da sanda, ni da mita.
Jiya ya kai matakala ta bakwai,
ya tsaya, ya ja numfashi,
ya taka ta takwas.

Da yamma na riga shi, na karya da kaina.
Ya dubi nasa, ya dubi nawa,
ya ce, "Tsohuwa, hannunki ya karkace."
Na ce, "Wataƙila."