Dillalin Bayan Rasit

Aliero, garin albasa,
muna hawaye ba a yi mutuwa ba.

In an ɗinke buhun ƙarshe
nakan juya rasit in zana dillali:
tumbi randa, ƙafa tsinke.
Ban koyi zane ba.
Jakina ma, wasu sun ce tunkiya ce.

Shekarar da farashi ya faɗi
Baba ya kwana uku bai ce uffan ba.
Na miƙa masa waya:
ga dillali ya zurma buhu, ƙafa sama.
Ya tuntsire har ya ƙware,
ya ce, "Ai wannan Bawa Jikka ne!"

Tun ranar nake sakin sabo duk Talata.
Bawa ma yana kallo.
Ya aiko wai in rage tumbin.