Ƙarfe Biyu da Rabi

Agogona ya cika biyu da rabi
a harabar firamaren Gwammaja.
Doka ta ce wanda ke kan layi ya yi,
wanda bai iso ba, sai wani jiƙon.
Na je na tsaya bayan mai gyaran rediyo.
Ni ne wutsiyar layi, ni ne ƙyaure.

Sai ga Iya Atine ta karyo kwana,
takalmi ɗaya a hannu, mayafi na sharar ƙasa.
Tun asuba take riƙe da mai naƙuda a Kurna,
jaririn ya ƙi duniya sai da aka kira azahar.
Minti huɗu.
Ita ta yanke mini cibiya,
yau ni zan yanke mata layi.

Ba ta roƙe ni ba.
Ta kwance katinta daga bakin zane, ta dube shi.
"Namadina ma yana Fatakwal da tirela.
Kuɗinsa kan iso, gaisuwarsa kan iso,
har maganin ƙafata ya aiko a ambulan.
Ashe babban yatsa ne kaɗai
ba ya shiga gidan waya?"

Na buɗe baki, littafin doka ya rufe shi.

Ta ja benci ƙarƙashin darbejiya.
"In ba a ƙirga da ni ba,
a ƙirga a gabana."

Har magariba muna ɗaga takardu sama,
tana binsu da leɓe, ɗaya, biyu.
Na ɓoye hannuna a aljihu:
tawa rumfar tana Sheka,
nawa yatsan ma fari ne.