Wanda Ba Ya Tsayawa Hoto

Shekara sha bakwai a shagona na Garwa
ina cewa: ɗaga haɓa, kar ka motsa,
kowa kuwa ya bi, har mai unguwa.

Yau ga ni tsugune a kurmin bakin Faro
tun asuba, raɓa ta jiƙa mini wando,
cinnaka na cin rabonsa a ƙaurina.
Hamajoda ya taɓa ni, ya nuna ɓaure da leɓe.

Ga shi.
Kamar yanzu aka tsamo shi daga marina,
ya sha baba har yana ƙyalli,
goshi rawaya, baki nunannen barkono.
Yana bin reshe, yana juya 'ya'ya
kamar mai tayi a kasuwa.

Na riƙe numfashi. Na danna.
Sai ya buɗe fiffike,
ashe garwashi yake ɓoyewa a hammata!
Ja ya tsaga ganye, ya wuce.

Na duba kyamara:
reshe, rabin ɓaure,
da wani jan shafe a gefe, kamar an goge yatsa.

Hamajoda ya leƙa, ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Shi ne. Haka yake."