Satin Farko a Kantin Wiwi

Ƙanƙara ta rufe Winnipeg tun asuba.
Rosalind Kowalchuk ta jera kwalabe sha biyu a kan kanta,
ta ce, "Tavis, karanta."
Na karanta: Hazon Lemo, Wutsiyar Dila, Daren Tafki.
Ta ja tsaki. "Wannan kirari ne,
mai gona ya raɗa don kasuwa ta buɗe.
Sauke ido ƙasa, inda rubutu ya ƙanƙance:
kashi nawa ne ƙarfin, yaushe aka girbe,
wa ya auna."

Kwana uku ina haddar lambobi,
har cikin bas suna bi na.

Ran Alhamis wani tsoho ya shigo, Emeric Fontaine,
raɓa ta daskare a gemunsa.
Ya ce, "Ba ni mafi ƙarfi."
Na kai hannu kwalba mai ashirin da takwas,
Rosalind ta take mini ƙafa.
Ta tambayi barcinsa, ta tambayi ƙwayoyin da yake haɗiya,
ko likita ya sani, ko ya taɓa sha.
Bai taɓa ba.
Matarsa ce ta rasu da kaka,
gadon ya yi masa faɗi.

Ya fita da mafi sauƙi a kantin, ɗan mitsitsi,
da lambar asibiti a bayan rasit.

Da muka kulle ƙofa ta ce,
"Takarda ta san ganye, ba ta san mutum ba.
Kuɗin tambaya ake biyan ka."
Ɗan yatsana yana zafi har yanzu.