Ruwa Kafin Suna

Kakata dariya ta yi ranar da na ce
zan shiga makarantar koyon karɓar baƙi.
"A Daura? Mu da muka sha ruwan Kusugu?
Wa ke koya wa kifi iyo?"

Malama Tasidi ta miƙo mini faranti.
Uku na fasa kafin wata ya mutu.
Ta ce da ɗaki biyu aka fara,
murhu ɗaya, zanin gado na aro.
Ta ƙirga ɗaliban farko da yatsu,
biyu suka yi saura.

Na koyi ninke tawul, da auna gishiri,
da kame baki idan baƙo ya gaji,
da ba da labarin rijiya
ba tare da ƙara wa macijin tsawo ba.

Jiya wani direba daga Maraɗi
ya sauka tsakar dare, fuska a murtuke.
Na ba shi ruwa kafin in tambayi sunansa.

Da na gaya wa kaka, sai ta ce,
"Wannan ai nawa ne, ba na Tasidi ba."
Ban yi musu ba.
Na durƙusa, na zuba mata shayi.